A Rubuta Umarnin Na'ura Yadda Baba Zai Gane

Wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamban 2024, ana idar da sallar magariba, maƙwabcina ya aiko jikansa ya kira ni. Dattijo ne da ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati kafin ya ajiye, kuma a layinmu da ke Jahun a garin Bauchi babu mai kama sunansa, Baba kowa ke ce masa. Na same shi tsaye a soro, tocila a hannun hagu, waya a hannun dama, ya ƙura wa mitar wuta ido.

"Malam, zo ka duba mini abin nan," in ji shi. "Sau huɗu ke nan ina saka lambar tana ƙi. Kuɗina ne suka bi ruwa, ko mitar ce ta mutu?"

Na karɓi wayar na duba. Ya sayi wuta kamar yadda ya saba, amma maimakon jeri ɗaya mai lamba ashirin da ake turo masa kullum, sai aka turo jeri uku. Da ya ga na ƙarshen ne ke ɗauke da adadin wutar da ya saya, shi ya yi ta sakawa, mita tana ta mayar masa. Na tambaye shi ko ya ga sanarwar da ake ta yaɗawa a kan sabunta mita. Ya ce ya gani, har sau biyu ya karanta ta. Ya buɗe mini ita a WhatsApp, inda wani ya turo musu a zauren tsofaffin ma'aikata. Shafi guda ne cike fal da Turanci. Sakin layin farko tarihin tsarin ne, na biyu ya kawo TID da KCT da KRN ba tare da ya ce ga abin da suke nufi ba, na uku gargaɗi ne. Abin da ake so mutum ya yi da yatsansa yana can ƙasa, a dunƙule cikin jimla ɗaya mai tsawon layi huɗu.

A lura da kyau, Baba ba baƙon Turanci ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wasiƙun ofis, har yau yana gyara wa jikokinsa nahawu. Duk da haka takardar ta gagare shi.

Na yago gefen kwalin sukari na rubuta masa: "Fara saka duk tsohon katin da ka saya ba ka saka ba. Sannan saka jeri na ɗaya, ka jira mita ta karɓa. Nan take saka jeri na biyu. Daga ƙarshe saka na uku, shi ne wutarka." Na riƙe masa tocilar, shi ya danna da kansa. Ba a yi minti uku ba lambobin wutar suka bayyana. Kafin ƙarshen mako wannan ɗan kwali ya shiga gida tara a layinmu, yara na ɗaukarsa daga wannan soro zuwa wancan.

Abin da ya faru da mitocin ba wani sirri ba ne. Kowane katin wuta yana ɗauke da alamar mintin da aka fitar da shi, don kada a saka kati ɗaya sau biyu. An fara ƙirga mintocin daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka tanada ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Idan ka yi lissafi, mudun zai cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Waɗancan jeri biyu na farko aikinsu shi ne su mayar da mafarin ƙirgar zuwa 2014. Injiniyoyin da suka tsara wannan gyara sun yi aiki mai kyau, domin ana yin sa ba tare da an kwance mita daga bango ba. Inda aka yi sake shi ne a taku na ƙarshe, tsakanin takarda da yatsan mai gida.

Ina wannan magana ne a matsayin ɗan gida. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta ƙananan manhajoji a ɗan shagona da ke kusa da kasuwar Wunti, yawanci na makarantu masu zaman kansu da shagunan magani: wannan na haɗa sakamakon jarrabawa, wancan na lissafin kaya. Saboda haka idan na ce masu rubuta bayanin manhaja a ƙasar nan muna cutar da jama'a, da kaina na fara.

A 2017 na yi wa wata makaranta manhajar fitar da sakamako, na haɗa mata littafin jagora mai shafi arba'in da biyu, da bango mai sheƙi. Na yi alfahari da shi ƙwarai. A makon rufe zango malamar da ke ofishin jarrabawa ta kira ni sau goma sha ɗaya. A kira na ƙarshe muryarta na rawa, iyaye sun cika harabar makaranta suna jira. Na hau babur na tafi. Da na isa sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ce mata, "Malama, ki ci gaba da aikinki kamar ba na nan, ni kallo kawai zan yi." Na ja kujera na zauna a bayanta, na kama bakina.

Ta buɗe littafin a shafi na goma sha bakwai, ta ɗora yatsa a kan wata jimla, ta karanta, ta koma farko, ta sake karantawa. Idan na mayar da jimlar Hausa yadda take, ga abin da na rubuta: kafin a aiwatar da aikin samar da rahoton ƙarshe, wajibi ne mai amfani ya tabbatar da cewa an riga an kammala shigar da dukkan bayanan da ake buƙata a guraben da abin ya shafa. Abin da nake nufi kuwa bai wuce wannan ba: cika makin kowane ɗalibi kafin ki danna maɓallin bugawa. Wani abin da ya fi wannan muni, abu ɗaya na ba shi suna uku. A fuskar kwamfuta na kira shi aji, a shafi na tara na kira shi rukuni, a shafi na ashirin na kira shi sashe. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu, shi ya sa na yi ta sauyawa. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka abubuwa uku ne daban, ta kwana biyu tana neman inda sashe yake. Na koma gida a ranar da nauyi a zuciyata, domin na ga da idona yadda rubutuna ya sa mace mai ilimi, mai ƙwazo, ta fara zargin kanta da rashin basira. Littafin nan na mayar da shi takarda biyu, aka rufe su da leda aka manna a bango kusa da kwamfutar. Zangon da ya biyo baya sau ɗaya ta kira ni, shi ma tawadar firinta ce ta ƙare.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa mu rubuta irin wannan. Wani ɓangaren daga makaranta muka ɗauko shi, inda ɗalibi ke ganin kaurin kundin bincikensa da nauyin kalmominsa su ne za su burge mai dubawa. Turanci a wajenmu ya zama babbar riga, ana sa shi don a gan mu da kwarjini, kuma wanda ya rubuta gajeriyar jimla yana tsoron a ce bai yi nisa a karatu ba. Wani ɓangaren tsoro ne, a cusa kowane sharaɗi da kowane togaciya domin in abu ya ɓaci a ce ai mun faɗa. Wani kuma lalaci ne tsagwaronsa: an sayo na'ura daga Sin ko Indiya, an kwafe takardar da ta zo da ita, an sauya tambari, an miƙa wa jama'a. Amma babban dalilin, a ganina, shi ne mai ƙera abu yana bayanin yadda abin yake a ciki, alhali mai amfani tambayarsa ɗaya ce, me zan danna yanzu. Wanda ya gina gida ya san inda kowane tubali yake. Baƙon da ya shigo da dare ƙofa yake nema.

Babu inda wannan ya fito fili kamar lokacin ƙarancin takardun kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni mutanen da ba su taɓa tura ko sisi ta waya ba dole ta sa suka koya a tsaye, a tsakiyar kasuwa. Mai tumatir a kasuwar Muda Lawal, mai masa a bakin Wunti, ɗan acaɓa, mai faci, kowa ya koma tiransifa da POS.

Wata safiya a Muda Lawal na tsaya a kan wata rigima. Wani magidanci ya sayi doya, an saka katinsa, wayarsa ta yi ƙara alamar an cire kuɗi, amma takardar da na'urar ta fitar ta nuna ciniki bai yiwu ba. A jikinta an rubuta "Issuer or switch inoperative". Mai saye yana ɗaga waya yana cewa, "Ga alat nan, an cire!" Mai doya yana ɗaga takarda yana cewa, "Ni dai ban ga komai ba, Alhaji, kaya ba za su fita ba." Yaron da ke riƙe da na'urar abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Netwok ne." Dukkansu masu gaskiya ne, kuma saura ƙiris a kai ga cin kwala.

Wannan jimla ta Turanci ba don su aka rubuta ta ba tun asali. Tana cikin jerin amsoshin wani tsari na duniya da ake kira ISO 8583, wanda aka fara fitarwa a 1987 domin kwamfutocin bankuna su riƙa magana da junansu. Lamba 91 ke nan, ma'anarta ba a samu bankin mai katin ba, ko kuma na'urar da ke tsakani ba ta amsa ba. Lamba 51 kuɗin asusu ba su kai ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 05 kuma ita ce "Do not honour", wadda na sha ganin dattawa sun ɗauke ta a matsayin cin mutunci, alhali nufinta banki ya ƙi amincewa da cinikin ne kawai. Zance ne na injiniya da injiniya, aka ɗauko shi ɗanye aka buga a takardar da za a miƙa wa mai doya. Abin da mutanen nan uku ke bukatar sani bai wuce abu uku ba: shin kuɗin sun isa wurin mai kaya, in ba su isa ba za su dawo, kuma me za a yi yanzu. Layi biyu sun isa: "Kuɗin ba su shiga wurin mai kaya ba. In an cire maka, bankinka ne zai mayar. Riƙe wannan takarda." Da haka aka rubuta, da babu wanda ya ɗaga murya.

Asarar ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Duk wanda ya zauna kusa da rumfar POS na awa ɗaya zai ga tsohuwa ta miƙa katinta ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, ko dattijo ya ba yaron da bai sani ba wayarsa ya ce, "Ɗana, taimaka ka tura mini." Mafi yawan yaran nan masu amana ne, amma ba duka ba, kuma 'yan damfara sun san wannan ƙofa sarai. Mutumin da ya saba cewa saƙon banki abu ne da ba a ganewa, ranar da ɓarawo ya kira shi da Hausa mai daɗi ya ce daga banki ne, a karanto masa lambar da aka turo, zai karanto. Ɓarawon ya yi masa magana da harshen da ya gane, abin da bankinsa bai yi ba. Haka aka sha fama lokacin haɗa layin waya da lambar NIN, daga umarnin watan Disambar 2020 zuwa watan Afrilun 2022 da aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Mutane sun yi ta biyan kuɗi a yi musu abin da za su iya yi da kansu cikin minti biyu, da an faɗa musu a sarari.

Na san amsar da abokan sana'ata ke bayarwa, domin mun sha yin wannan musu a shago. Sukan ce harkar fasaha tana bukatar kalmomi na musamman, in ka sauƙaƙa ka zubar da daidaito, kuma ai bai kamata a mayar da mutane yara ba. Ina girmama wannan damuwa, amma a duba inda aka fi tsananta sauƙaƙa harshe a duniya: wurin gyaran jirgin sama. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin jiragen Turai suka koka cewa littattafan gyara suna zuwa da Turanci mai sarƙaƙiya, alhali mafi yawan makanikan da ke aiki da su ba Turanci ne harshen uwarsu ba. Ƙungiyar masu ƙera jirage ta Turai ta zauna ta fitar da ƙa'ida a 1986, wadda yau ake kira ASD-STE100. Ta ware kalmomi kusan 900 da aka yarda a yi amfani da su, ban da sunayen sassan na'ura. Kowace kalma ma'ana ɗaya gare ta. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20. Kowace jimla umarni ɗaya take ɗauka, sai in ayyuka biyu ne da dole a yi su lokaci guda. Ana faɗa wa makaniki kai tsaye ya yi kaza, ba a ce ana bukatar a yi kaza ba. Waɗannan mutane rayukan ɗaruruwan fasinjoji ke hannunsu, kuma sun gano cewa jimla mai nauyi ita ce ke haifar da kuskure. Babu wanda ya ce an raina makanikin jirgi don an rubuta masa gajeriyar jimla. To in an yi wa injin jirgi haka, mitar wuta da manhajar banki ba su da uzuri.

Gwamnatoci ma sun shiga. Amurka ta yi dokar rubutu a sarari a 2010, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta wa jama'a abin da za su gane. Mu ma nan ba mu rasa madogara ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, a sashe na 114 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe bayyananne da zai fahimta. Haƙƙi ne a rubuce, sai dai mutane kaɗan ne suka san da shi, balle su nema.

Wani zai ce ai magani a bayyane yake, a fassara komai zuwa Hausa. Ina goyon bayan fassara ɗari bisa ɗari, kuma an samu ci gaba: Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, bankuna da kamfanonin waya da dama suna da zaɓin Hausa. Amma a nan ne nake so a tsaya a yi hattara. Jimlar da ta murɗe a Turanci, in ka fassara ta kalma da kalma, murɗaɗɗiya za ta fito a Hausa, har ma ta fi muni, domin yanzu mai karatu ba shi da uzurin cewa harshen ne bai iya ba. Ku koma ku karanta waccan jimla tawa ta shafi na goma sha bakwai. Hausa ce tsantsa, babu kalmar aro ko ɗaya mai wuya, amma wa zai yi aiki da ita? Na taɓa duba wata manhaja da wani ɗalibi ya kawo mini, inda maɓallin adana aiki aka rubuta masa "ceto", na tura fom kuma "miƙa wuya". Ya zuba kalmomin a injin fassara ne ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi kowa ba. Akwai kuma masu ƙirƙiro kalmar da babu mai faɗinta a kasuwa don gudun aro. Mutanen Bauchi suna cewa kati, mita, caji, data, layi, alat. Waɗannan sun zama Hausa kamar yadda mota da tebur da asibiti suka zama. Inda Hausa ke da tata kalmar da ta zauna, kamar lambar sirri, danna, tura, goge, adana, a yi amfani da ita. Inda jama'a suka riga suka ari kalma suka murza ta ta dace da bakinsu, a bi su. Ma'aunin shi ne kunnen mai amfani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan fasaha ta sauƙaƙa ilimi gadonmu ce. A zaure ba a fara ɗalibi da Muhtasar. Da Ƙawa'idi ake farawa, a shiga Ahalari, a wuce Iziyya da Risala, kowane littafi daidai da ƙarfin mai karatu. Malam yana karanta Larabci gaɓa gaɓa yana mayarwa da Hausar da ɗalibi zai kai gida, in ya ga fuska ba ta sake ba ya kawo misali da rijiya ko kasuwa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci iya gwargwado, amma ta rubuta da Fulatanci da Hausa, ta ba matan da ake kira jaji su kai wa matan karkara, domin ta san wa take so ya ji. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam ya yi wa manomi da ɗan kasuwa bayanin yaƙin duniya da Hausar da ake karantawa a dandali kowa ya gane. Harshen da ya samar da sunayen jirgin ƙasa da jirgin sama da Majalisar Ɗinkin Duniya da yanar gizo ba zai gaza faɗin yadda ake sabunta mita ba. Mu ne muka je makaranta muka dawo muna jin kunyar magana a sarari.

Ga abin da nake roƙo, kuma daga gida zan fara. Garin nan yana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda tun kafuwarta a 1980 fasaha ce alƙiblarta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Abubakar Tatari Ali. Duk shekara suna yaye matasa masu rubuta manhaja. Ina roƙon malamanmu, duk ɗalibin da ya kawo manhaja a matsayin aikin kammalawa, a sa shi ya haɗo da takardar umarni shafi ɗaya, da Turanci da Hausa. Ranar kare aiki a kira wani daga waje, masinja ko mai shara ko mai sayar da abinci a bakin ƙofa, a ba shi takardar da na'urar, a hana ɗalibin buɗe baki. In baƙon ya kai ƙarshe, a ba da maki. In ya tsaya, a nuna wa ɗalibin daidai layin da ya tsaya. Minti goma na irin wannan kallo ya fi zango guda na lacca, na shaida haka a kujerar da na zauna bayan waccan malama.

Hukumomin da ke sa ido kuma, Babban Banki da NCC ta sadarwa da NERC ta wutar lantarki da NITDA ta fasahar zamani, suna da ikon cewa duk saƙon kuskure da zai bayyana a gaban ɗan ƙasa dole ya faɗi abin da ya faru da abin da zai yi, kuma a gwada shi a kan mutane na gaske kafin a sake shi. Ba abu ne mai tsada ba. Kamfanin da ya iya biyan allon talla a shataletalen Wunti ya iya biyan marubuci ɗaya da mai fassara ɗaya. A kuma tuna da waɗanda boko bai zauna musu ba amma suna karanta ajami, da waɗanda ido ya yi rauni. Saƙon murya na daƙiƙa arba'in a WhatsApp, ko sanarwa a gidan rediyon jiha da muryar da aka saba da ita, yakan kai inda takarda ba ta kaiwa.

A shagona yanzu muna da 'yan ƙa'idoji da na rubuta a jikin allo saboda yaran da ke koyon aiki. Abu ɗaya suna ɗaya, daga farko har ƙarshe. Abin da mutum zai yi shi ke zuwa farko, dalili ya biyo baya ga mai so. Gargaɗi kafin mataki yake zuwa, domin babu amfanin ce wa mutum kada ya goge bayan ya goge. Sunan maɓalli a takarda ya zama daidai da yadda yake a fuskar na'ura, harafi da harafi. Sannan babu takardar da ke fita sai an karanta ta da ƙarfi a gaban wanda ba ɗan sana'a ba.

Mai shayin da ke gefenmu shi ne alƙalinmu na yau da kullum. Watan jiya muna haɗa wa wani shagon magani manhajar karɓar kuɗi, muka tsaya a kan yadda za mu kira cinikin da kuɗinsa suka bar asusun mai saye amma ba su iso ba tukuna. Ɗaya daga cikin yaran ya rubuta "ana kan aiwatarwa". Ɗayan ya ce a sa "a rataye". Ni na fi karkata ga "yana hanya". Muka ɗauki kwamfutar muka fita wurinsa, na yi masa bayanin halin da ake ciki, na karanta masa ukun. Yana juya shayi tsakanin kofi biyu ya ce, "Yallaɓai, ai wannan shi ne kuɗi sun maƙale." Muka koma ciki muka rubuta: "Kuɗin sun maƙale a hanya. Kada ka sake turawa. Jira minti goma ka duba." Mai shagon maganin ya ce a ƙara masa lambar wayarsa a ƙasa, muka ƙara.